Tsaga a Hawa na Uku

A Valparaíso gidaje kan hau tudu su riƙe juna
kamar yara masu tsoron teku.
Ni ce mai duba su idan ƙasa ta gama girgiza.
Herminia Catrileo. Shekara goma sha tara
ina ƙwanƙwasa bango da 'yar guduma,
ina sauraron abin da siminti ke ɓoyewa.

Ranar Talata na sa yatsa a tsagar hawa na uku,
ya shige har gaɓa ta biyu.
Rodin ciki ya ci tsatsa,
yana marmashewa kamar burodin shekaranjiya.

Da yamma Don Baldomero, mai benen, ya kira ni shan shayi.
Bai ɗaga murya ba.
Ya tambayi jikin mijina, ya san sunan asibitin,
ya san sau nawa a mako ake wanke masa ƙoda.
Ya ce, iyali ashirin da shida na kwana a zauren makaranta,
kan katifar aro, ga sanyin Yuli,
sa hannunki kaɗai ya raba su da gadajensu.
Za mu yi yaɓe, mu shafa fenti.
Ai ƙasa ba kullum take motsi ba.
Sai ya tura ambulan kusa da kofina.

Da jaraba ta zo da ƙaho da wutsiya
da tun daga ƙofa na gane ta.
Rigar tausayi ta aro,
ta yi magana da muryar marasa gida.

Na ɗauka. Ba zan yi ƙarya ba, na ɗauka.
Jakata ta yi nauyi duk tsawon matakalar unguwarmu.

Cikin dare Anselmo na numfashi da ƙyar.
Na ƙirga kuɗin a teburin girki, sau biyu.
Wata takwas na magani, har da canji.
Na durƙusa, addu'a ta ƙi fita,
harshena ya zama rodi mai tsatsa.
Na buɗe Maganar Allah ina neman ƙofar baya,
ayar da za ta ce mini wannan karon ba komai.
Ban same ta ba.
Na tarar da Ubangijina a jeji da yunwa ta gaske,
ga duwatsu a gabansa, ga iko a bakinsa,
bai mai da ko ɗaya gurasa ba.
Na tarar da magina biyu, da ruwan sama da bai tambayi kowa niyyarsa ba.
Sai na tuna takalmin ruwa, rawaya, na yarinya,
da aka bari a bakin ƙofa a hawa na biyu,
daidai ƙarƙashin tsagar.
Maƙwabciyata ke nan. Ban ma san sunanta ba.

Da safe na mayar masa da ambulan, ko kusurwa ban lanƙwasa ba.
Ya yi murmushi irin na wanda ke tausayin wawa.
Na rubuta a takarda: ba a shiga.
Hannuna na rawa, biro ya huda shafin.

A zauren makaranta wata tsohuwa ta tofa yawu kusa da ƙafata.
Ta ce, ke kina da gado.
Gaskiya ta faɗa.

Wata shida ke nan ƙasa ba ta ko yi tari ba.
Benen na tsaye, tantabaru sun yi sheƙa a tsagar.
Mun sayar da motar Anselmo.
Ba mala'ikan da ya zo da takardar biyan bashi.

Amma ranar Lahadi da aka miƙo mini gurasa a coci
na buɗe tafin hannuna duka,
ban dunƙule ko yatsa ɗaya ba.